Babi na Shida: Takardar da Aka Mayar Hoto

Kusan duk takardar hukuma da ke isa Pitowa a yau, ko sanarwar ɗaukar ma'aikata ce, ko jerin waɗanda suka ci jarrabawa, ko umarnin da ya fito daga ofishin gwamna a Garwa, a cikin kwamfuta aka fara ta. Wani sakatare ne ya zauna ya buga ta harafi bayan harafi, kuma a wannan lokacin babu na'urar da ba za ta iya karanta ta ba. Daga nan sai a fitar da ita a firinta, a kai wa mai gida ya sa hannu, a danna hatimi, sannan a ɗora ta a kan sikana, ko kuma, abin da ya fi yawa yanzu, a ɗauke ta hoto da waya a jefa a WhatsApp. Tsakanin Garwa da Pitowa wajen kilomita 15 ne kawai a kan hanyar Marwa, amma kafin takardar ta kai ga wanda ta shafa ta riga ta ratsa hannu da yawa: wannan ya ɗauke ta a karkace, wancan inuwar yatsansa ta faɗa a kan rubutun, wani kuma ya sake ɗaukar hoton fuskar wayarsa ya tura gaba. Mai ido yana buɗewa, ya ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girmansa, ya karanta, ba tare da ya lura an yi wata asara ba. Makaho kuwa abin da ya same shi a waya ba takarda ba ce, ɗigo-ɗigon baƙi da fari ne kawai waɗanda ido kaɗai ke iya harhaɗawa su zama magana.

Don a gane dalili, sai an san yadda makaho ke aiki da na'ura. Yana dogara ne da manhajar karanta sikirin, wato manhajar da ke furta masa da murya duk abin da ke rubuce a fuskar waya ko kwamfuta, ko ta aika shi zuwa na'urar rubutun makafi ya bi da yatsa. A kwamfuta akwai JAWS, wadda wani Ba'amurke makaho, Ted Henter, ya ƙirƙiro, ta fito a kan Windows a 1995, mai tsadar gaske; akwai kuma NVDA, wadda Michael Curran ya fara a Ostireliya a 2006, James Teh ya haɗu da shi, dukansu makafi, suka bar ta kyauta ga kowa. A wayoyin Android, irin su Tecno da Itel da suka cika kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi, akwai TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. A aikinsu na yau da kullum, duk waɗannan manhajoji ba kallon fuskar na'ura suke yi ba. Tambayar na'urar suke yi wane harafi ne ke nan, ita kuma ta ba su amsa, domin a wurin kwamfuta kowane harafi lamba ce sananniya. Idan aka zo kan shafin da aka yi sikanin, babu lambar harafi ko ɗaya a cikinsa, saboda haka manhajar ta ce “hoto” ta yi shiru, ko ta ce takardar babu komai a ciki. Fayil ɗin yana iya zama PDF mai shafi hamsin, sunansa a rubuce radau, amma a kunnen makaho wayam yake.

Arewacin Kamaru ba wurin da za a ɗauki wannan magana da wasa ba ne. Makantar kogi, wadda baƙin ƙuda ke yaɗawa a bakin ruwa mai gudu, ta daɗe tana cin ƙauyukan kwarin Vina da yankin Tuboro, kuma can ne aka yi wasu daga cikin gwaje-gwajen farko na rabon maganin Mectizan bayan kamfanin Merck ya yi alkawarin bayar da shi kyauta a 1987. Amosanin ido ya addabi jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa har aka shafe shekaru ana rabon magani gida-gida. Ga yanar ido ga hawan jinin ido, waɗanda ke kama mutum bayan ya yi karatu, ya kama aiki, ya tara iyali. Sai kuma sabon rukuni wanda a da ba a san shi ba: matasan da suka koyi rubutun makafi, suka ci jarrabawar BEPC da ta bakaloriya, suka shiga jami'ar Ngaundare, ko ta Marwa da aka buɗe a 2008, ko ta Garwa da aka kafa a 2022. Ƙungiyoyi irin su CJARC, wadda Coco Bertin ya jagoranta a Yawunde, sun yi shekaru suna faɗi-tashi don irin waɗannan yara su zauna a aji ɗaya da masu gani. To ga su nan sun zauna, sai aka tarar malami yana raba darasi a matsayin hoton fotokwafin da shi ma daga wani fotokwafin aka ciro shi.

Maganin da ake miƙa musu shi ne fasahar gane rubutu, wadda masana ke kira OCR a taƙaice: manhaja ta dubi hoton, ta ware baƙi daga fari, ta gano layuka, ta yanka su kalma-kalma, sannan ta ce wannan siffa ta fi kama da harafi kaza. Abin da ya kamata a sani shi ne tarihin wannan fasaha a ɗaure yake da makafi tun farko. A wajen 1913 wani masani a Ingila, Edmund Fournier d'Albe, ya ƙera na'urar da ke mayar da siffar haruffa zuwa sautuka, makaho ya koyi bambance su da kunne. Karatun na tafiyar hawainiya ne, amma ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Ranar 13 ga Janairu 1976 Ray Kurzweil, tare da babbar ƙungiyar makafin Amurka, ya nuna wa duniya na'urar farko da ke karanta bugaggen shafi da murya ko da wane irin salon haruffa aka buga shi. Girmanta ya kai na tebur, kuɗinta dubban daloli masu yawa, kuma mawaƙin nan makaho Stevie Wonder na cikin waɗanda suka fara mallakarta. Aikin da wannan na'ura ke yi, yau wayar da manomin auduga zai iya saya bayan kamfanin auduga na SODECOTON ya biya shi tana yin wanda ya fi shi. Duk wanda ya raina wannan ci gaba bai yi adalci ba.

Amfani da ita kuma ba wuya. Tun 2017 NVDA take da wannan dabara a cikinta: a kan Windows 10 ko 11, idan aka danna maɓallin NVDA tare da harafin R, sai ta gane rubutun da ke cikin hoton, ta shimfiɗa shi yadda za a bi shi layi-layi da maɓallan kibiya. Sai dai abin da ya bayyana a fuskar kwamfuta a lokacin kaɗai take gani, don haka doguwar takarda sai an bi ta shafi-shafi, kuma idan shafin ya yi ƙanƙanta sakamakon ya lalace. JAWS tana iya gane PDF gaba ɗayansa a zama ɗaya. Wanda ke da intanet yana iya loda fayil a Google Drive ya buɗe shi da Google Docs, rubutun ya fito. A waya akwai Seeing AI ta Microsoft, wadda ta fito a 2017 ta kuma iso Android a ƙarshen 2023, da Lookout ta Google, waɗanda ke karanta takardar da aka riƙe a gaban kyamara har su gaya wa mutum ya matsa hagu ko dama. Akwai 'yan ƙa'idoji da ke canza sakamako ƙwarai: a yi sikanin da ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, a shimfiɗa takarda sosai a wuri mai haske, a zaɓi harshen takardar kafin a fara, kuma a roƙi mai turowa ya aiko ta a WhatsApp a matsayin fayil, domin idan ya turo ta a matsayin hoto manhajar tana matse ta ta rage mata kaifi. Kowane makaho mai karatu a Pitowa ya cancanci a koya masa waɗannan, kuma cibiyar horon da ba ta koyar da su ta gaza.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne gane rubutu gyaran ɓarna ne, ɓarnar da ofishin da ya fitar da takardar ya yi da hannunsa, kuma gyara ne na cinta, wanda bai kamata a ɗora wa makaho shi ba a inda ake da ainihin rubutun a ajiye. Lamarin kamar mutum ne ya zubar da gero a cikin rairayi da gangan, sannan ya yaba wa maƙwabcinsa da ya iya tsinta. A duba lissafi mai sauƙi. A ce manhaja tana gane kashi 99 cikin 100 na haruffa daidai, wanda a ji kamar ba laifi. Shafi mai haruffa 2,000 zai fito da kuskure 20 ke nan. Wannan kuwa a kan shafi mai tsafta ne, alhali takardar hukuma a Kamaru tana da siffar da ta zama tarko ga na'ura. Kanta a rabe yake biyu, Faransanci a hagu, Ingilishi a dama, tambarin ƙasa a tsakiya, sai manhajar ta bi layi ta miƙe ta gauraya harsunan biyu. Kwanan wata da lambar takarda sau da yawa ba a buga su tare da sauran ba, da hatimin roba ko da biro ake cika su daga baya. Jan hatimi mai da'ira kuma a kan sunan mai sa hannu yake sauka, ya rufe layukan ƙarshe. Wato wuraren da suka fi muhimmanci, yaushe aka rubuta, wa ya rubuta, yaushe za a rufe karɓar dosiye, wato takardun masu nema, su ne dai wuraren da na'ura ta fi tuntuɓe.

Jerin sakamakon konkur, wato jarrabawar neman gurbi, ya fi komai fito da wannan fili. Tebur ne mai ginshiƙai, lamba da suna da ranar haihuwa da cibiya, kuma manhajar gane rubutu tana iya karanta sunaye duka a jere sannan ta zubo lambobi duka a jere, ba a san wace lamba ce ta wane ba. A wannan yanki sunaye suna maimaita kansu: Hamadou da Amadou da Ahmadou, Oumarou da Aboubakar, Aïssatou da Fadimatou, a shafi ɗaya a samu masu suna iri ɗaya da dama, ba abin da ya raba su sai lamba ko ranar haihuwa. Lamba kuwa ita ce na'ura ta fi rikitawa, ta ɗauki sifili a matsayin harafin O, 1 a matsayin l, 8 a matsayin 3 ko B idan tawada ta dushe. A cikin jimla, kalmar da ta lalace maƙwabtanta suna tona ta, mai saurare ya gyara da hankalinsa. Lamba ba ta da maƙwabcin da zai yi mata shaida. Mai gani idan ya yi shakka sai ya ƙura wa hoton ido ya tabbatar. Makaho ba shi da wurin komawa, domin abin da na'ura ta ba shi shi ne asalinsa shi ne kwafinsa. Haka abin yake ga takardar likita mai yawan ƙwayoyi, da takardar awon auduga, da takardar fili. Takardun haihuwa da aka cika da hannu a ofisoshin magajin gari kuwa, waɗanda yara da yawa a arewa ma ba su da su, sun fi ƙarfin yawancin waɗannan manhajoji.

Duk wannan a Faransanci ne, harshen da kamfanoni suka kashe kuɗi a kansa. Idan aka zo ga harsunan da ake ciniki da su a kasuwar Pitowa, Fulatanci da Hausa, tsugune ba ta ƙare ba. Harsunan biyu suna rubuta haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƴ, Hausa ta ƙara da ƙ, Fulatanci da ŋ, kuma tsarin da aka daidaita a taron Bamako na 1966 da haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru na 1979 duk sun tabbatar da irin waɗannan haruffa. Manhajar gane rubutu ba siffa kaɗai take dubawa ba, tana jingina da abin da ta koya game da harshen, ta zaɓi kalmar da ta fi yiwuwa. Manhajar Tesseract, wadda aka fara a kamfanin HP a shekarun 1980, aka sake ta kyauta a 2005, kuma manhajoji masu yawa suka ginu a kanta, tana da samfurin Yarbanci da Swahili da Amharik a jerin harsunanta, amma babu na Hausa, babu na Fulatanci. Idan aka ba ta shafin Hausa da saitin Faransanci ko Ingilishi, lanƙwasar nan sai ta ɗauke ta a matsayin datti ta share, ko ta maye gurbin harafin da wata alama. “Ya ɓata” ya koma “ya bata”, “ƙafa” ta koma “kafa”. Daga nan rubutun da ya riga ya gurgunce ya wuce ga muryar da aka saita wayar da ita, galibi ta Faransanci, ta furta shi da ƙa'idar harshenta. Kuskure biyu ke nan a jere, na ido da na baki. Ajami kuwa, wanda malaman masarautar Fombina suka rubuta wa'azi da tarihi da wasiƙu da shi tun zamanin Modibbo Adama, rubutun hannu ne da salon Magariba da wasulansa na musamman, kuma manhajar da aka horar da bugaggen Larabci ba ta tsinana komai a kansa.

Mai sauraro zai ce wannan labarin jiya ne, yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, a ɗauki hoton kowace takarda a ba ta, ta karanta har da rubutun hannu, ta kuma bayyana tebur tiryan-tiryan. Akwai gaskiya a ciki. Tun da manhajar Be My Eyes ta shigo da wannan dabara a 2023, makafi da yawa sun samu abin da ba su taɓa samu ba, kuma a kan shafi mai rikitaccen tsari sababbin manhajojin sun fi tsofaffin nesa ba kusa ba. Sai dai sun zo da aibin da ya fi hatsari ga wanda ba ya gani. Tsohuwar manhaja idan ta kasa, shirme take furtawa, kunne ya ji ya san an yi tuntuɓe a nan. Sabuwar an gina ta ne don ta samar da magana mai daɗin ji, saboda haka inda tawada ta goge sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, ta faɗe shi da murya ɗaya da sauran, ba gargada. Ranar rufe dosiye da ta ƙirƙira da wadda ta karanta ba su da bambanci a kunne. Ban da haka, irin wannan aiki ba a cikin waya ake yinsa ba, ana aika hoton ne zuwa kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, wanda ke nufin kuɗin data daga MTN ko Orange, da sabis mai ƙarfi, da cajin waya a yankin da wutarsa ta daɗe tana rataye da yawan ruwan madatsar Lagdo. Kuma katin ɗan ƙasa ko sakamakon gwajin jini da aka aika ya bar hannun mai shi ke nan.

Hujjar ma'aikatan ofis ta fi wannan nauyi, kuma ta cancanci a saurare ta. Suna cewa takarda ba ta zama takarda sai da sa hannu da hatimi, kuma a ƙasar da sanarwar jabu ke yawo a Facebook, hoton hatimi shi ne ke nuna cewa daga hukuma abin ya fito. Amsa ta farko ita ce hoton hatimi bai hana jabu ba, shi ne ma ya sauƙaƙa ta, domin duk yaron da ya iya sarrafa hoto yana iya yanke hatimin wata takarda ya manna a wata. Abin da ke tabbatar da takarda a zamanin nan shi ne a same ta a shafin hukumar da ta fitar da ita, ko ta ɗauki sa hannun lantarki, wanda dokar Kamaru ta Disamba 2010 kan tsaron intanet ta amince da shi. Amsa ta biyu ita ce ba wanda ya ce a daina buga hatimi. Fayil ɗin PDF yana iya ɗaukar hawa biyu, hoton takarda da hatiminta a sama, ainihin rubutun a ɓoye a ƙarƙashi inda manhajar karanta sikirin za ta same shi. Ko a saki fayil biyu, mai hatimi da wanda aka fitar kai tsaye daga Word. Mafi sauƙi duka, wanda ya tura hoton sanarwa a zauren WhatsApp ya kwafi rubutun ya manna a ƙarƙashinsa. Wannan aikin minti ɗaya ne ga sakataren da ke da fayil ɗin a gabansa, alhali rashinsa yana sa kowane makaho da takardar ta shafa ya maimaita aikin cinta shi kaɗai, kowa da irin kuskuren da zai samu.

Akwai kuma hujjar da ta fi shiga zuciya a ƙasar Hausa da ta Fulani, wato ai makaho a wurinmu ba shi kaɗai yake ba, yana da ɗa ko ƙane ko maƙwabcin da zai karanta masa, kuma ilimin kunne ba baƙo ba ne. Haka ne. Makafi sun haddace Alƙur'ani sun koyar da masu gani, kuma Aliyu Namangi na Zariya, wanda bai yi rayuwa da ido ba, ya kai matsayin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Amma abin da aka haddace daban, takardar da ta shigo waya da daddare daban. Karatun wani yana da lokacinsa, sai ya dawo daga makaranta, sai ya gama cin abinci, sai ransa ya so. Yana da iyakarsa, domin a ƙauyukan da ke kewaye da Pitowa ba kowane gida ne ke da mai karanta Faransancin hukuma ba, kuma mai karantawa yakan taƙaita, ya tsallake abin da shi ya ga ba shi da amfani. Sannan yana cin sirri. Magidanci mai shekara hamsin da ɗansa zai karanta masa takardar bashi, ko matar da ƙanen mijinta zai karanta mata sakamakon asibiti, duk sun biya wani abu wanda mai gani ba ya biya. A rabon gado ko cinikin fili, mai karantawar ma yana iya zama mai ruwa da tsaki a cikin maganar. Zumunci alheri ne, amma bai kamata ofishin gwamnati ya mayar da shi madadin aikin da ya rataya a wuyansa ba.

Wanda zai ce makafi masu babbar waya 'yan kaɗan ne, ga matsalolin ruwa da asibiti da tsaro, sai a tuna masa abu biyu. Na farko, alkawari an riga an ɗauka. Dokar 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi kariya da ciyar da naƙasassu gaba. Kamaru ta shiga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta halatta mayar da littattafai zuwa siffar da makafi za su iya karantawa ba tare da neman izinin mai haƙƙin mallaka ba. Ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 da na 21 suka yi magana ƙarara a kan samun bayanai. Ƙasar ma ta riga ta yarda da ainihin ƙa'idar ta wata fuska, domin dokar harsunan hukuma ta Disamba 2019 ta ginu ne a kan cewa ɗan ƙasa yana da haƙƙin hukuma ta yi masa magana da Faransanci ko Ingilishi, wanda ya fi ji. Takardar da aka ba mutum a siffar da ba zai iya karantawa ba, ba a ba shi ita ba. Na biyu, ribar ba ta makafi kaɗai ba ce. Rubutu na ainihi ana iya neman suna a cikinsa cikin daƙiƙa maimakon bin shafi ɗari da ido; ana iya kwafe shi a sa a manhajar fassara ga wanda Faransancinsa bai nuna ba; ana iya ƙara girmansa ga tsohon da idonsa ya raunana ba tare da ya dushe ba; kuma nauyinsa bai kai na hoto ba ko kusa, abin da mai sayen data na sefa ɗari ya san darajarsa. Amurka ta wajabta wa hukumomin tarayya irin wannan tun 1998, Tarayyar Turai ta bi a 2016, kuma abin da aka tilasta musu ba sayen sababbin na'urori ba ne, sauya ɗabi'ar masu buga takardu ne.

Inda fasahar gane rubutu ke da gurbin da babu mai cike shi, shi ne takardun da ba su taɓa zama a cikin kwamfuta ba. Littattafan da Eldridge Mohammadou ya tattara tarihin lamidancin arewacin Kamaru a cikinsu, har da wanda shi da Ahmadou Bassoro suka yi a kan Garwa, an buga su ne kafin kwamfuta ta shiga ofisoshi, wasunsu da Fulatanci da Faransanci a tare. Haka rajistocin kotuna da na magajin gari, da tsofaffin littattafan yaƙi da jahilci, da Hausar da kamfanin Gaskiya ya buga a Zariya. Waɗannan babu fayil ɗin da za a roƙi wani sakatare ya saki, dole sai an bi ta hoto. A nan ma aikin bai kamata ya zama na makaho ɗaya da wayarsa ba. Ɗakin karatu ko jami'a ce za ta yi sikanin sau ɗaya da kyau, ta gane rubutun, ta ba mai gani wanda ya san harshen ya bi shi layi-layi ya gyara, sannan a ajiye gyararren inda kowane makaho zai ɗauka, abin da yarjejeniyar Marrakesh ta buɗe wa ƙofa. Wannan gyaran yana da riba ta biyu, domin shafin hoto tare da ingantaccen rubutunsa shi ne ainihin abin da ake horar da manhaja da shi. Tesseract a buɗe take ga duk wanda zai ƙara mata harshe, kuma abin da Hausa da Fulatanci suka rasa a cikinta ba izini ba ne, tarin gyararrun layuka ne masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da ŋ a salon bugu iri-iri. Sashen harsuna a Marwa ko Ngaundare, tare da takwaransa na Jami'ar Bayero a Kano, yana da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin kammala karatu a kowace shekara, yana kuma da littattafan a kan kanta.